Fada, Sihiri da Makirci: Tarihin Labaran Matasa a Rubutun Zube na Hausa

Daga cikin ƙagaggun labaran da matasan Hausawa suka fi daɗewa suna karantawa, akwai wani nau'i da ake gina shi a kan abubuwa uku da ba kasafai suke rabuwa ba, wato fada, inda ake riƙe da mulki kuma ake takarar gadonsa, da sihiri, wanda ya ƙunshi tsafin bokaye da taimakon aljanu da kayan tsari irin su laya da guru, sai kuma makirci, wato ƙulle-ƙullen da makusantan sarki suke yi a ɓoye domin su kawar da magaji ko su karkatar da sarauta zuwa wani gida. Wannan nau'i bai shigo ƙasar Hausa a matsayin baƙo daga adabin Turawa na zamani ba, domin sa'an rubutun zube na boko ne, kuma saiwarsa ta girmi boko nesa ba kusa ba. Tarihinsa yana nuna cewa yarima da mugun waziri ba su gushe ba daga cikinsa, amma makamin da ke kawo nasara ya riƙa sauyawa gwargwadon wanda ya ɗauki nauyin littafin, ta yadda hikimar magana ta yi rinjaye a lokacin da makarantu ke sayen littattafai, takobi da tsatsuba kuma suka karɓe fage sa'ad da al'amarin ya koma hannun kasuwa.

Tushe na farko shi ne tatsuniya, wato ƙagaggen labarin baka da tsofaffin mata suka saba yi wa yara da dare bayan an gama ayyukan gida, wanda al'ada ta hana a yi shi da rana. Ko da yake Gizo da Ƙoƙi ne suka fi shahara a cikinta, wani babban kaso na tatsuniyoyin Hausa a gidan sarki yake ƙarewa, kuma a can ne ake ba mai ladabi lada, a kunyata mai hassada. A tatsuniyar Daskin-da-Riɗi ɗan sarki ne ya ɓoye sunansa, aka ce sai wadda ta faɗe shi za ta aure shi, yarinyar da aka raina kuwa ta samo sunan saboda ta kyautata wa wata tsohuwa da sauran 'yan mata suka wulaƙanta. A ta Ta-Kitse kuma kishiyoyi ne suka ƙulla wa amaryar sarki, wadda aka halitta daga kitsen bijimi, suka tilasta mata zama kusa da wuta a lokacin da maigidan ba ya nan. Ke nan tun a nan an riga an sami sigar da za ta daɗe, wato yaro ko yarinya marar ƙarfi a tsakiya, abin al'ajabi a gefe, da mugunta wadda ke fitowa daga cikin gida ba daga waje ba. Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan labarai ya buga su a juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913, daga baya kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wasu domin 'yan makaranta a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni.

Tushe na biyu shi ne tarihihi, wato labarin da ake bayarwa a matsayin tarihi alhali an gauraya shi da almara. Labarin Bayajida, wanda ake jingina asalin Hausa Bakwai gare shi, ya tara dukkan sinadaran nan uku, domin ɗan sarkin Bagadaza ne da ya bar gida, ya sauka Borno ya auri 'yar Mai, surukin nasa ya yi masa dabara ya raba shi da mayaƙansa, ya tsere zuwa yamma, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, sannan ya auri sarauniya Daurama. Haka ma littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya fara da Barbushe da tsafin Tsumburbura a dutsen Dala, ya kuma kawo zancen Dirki, wani abin tsari da aka naɗe cikin fatu wanda sarakunan Kano suka riƙa yi wa yanka har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya sa aka farke shi. A tunanin mai sauraron irin waɗannan labarai, sarauta da asiri abokan tafiya ne, kuma faɗuwar gidan mulki takan biyo bayan keta wata doka ta ɓoye.

Makircin da ke cikin labaran kuwa yana da madogara a tsarin sarautar kanta, domin a ƙasar Hausa babban ɗa ba ya gadon uba kai tsaye, sai dai masu zaɓen sarki su zauna su fitar da ɗaya daga cikin 'ya'yan sarauta. A Kano wannan aiki na Madaki ne da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, a Katsina na Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, a Zazzau kuma sarauta tana zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Inda duk 'yan takara suka yi yawa, kuma kowane yana da uwa da barori da malaman da ke yi masa addu'a, dole ne a sami kutungwila, kuma wani lokaci takan kai ga zub da jini, kamar yadda ya faru a Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893 bayan naɗa Tukur sarki, Yusufawa, wato ɓangaren gidan sarautar da ya ƙi naɗin, suka fice suka yi sansani a Takai, jagoransu Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Bugu da ƙari, fada tana da ma'aikatan da kusancinsu da sarki ya fi muƙaminsu nauyi, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama daga cikin bayin sarki, da jakadiya mai kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, da dogarai masu tsaro da zartar da hukunci. Marubucin da ke neman wanda zai saci wasiƙa ko ya ji sirri ta bayan labule ba ya bukatar ƙirƙiro sabon muƙami.

Tushe na uku ya zo ta hannun malamai da littattafan Larabci da suka shigo tare da fatake da alhazai. Alfu Laila wa Laila, wanda aka mayar da shi Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya, ya kawo salon labari cikin labari, inda mai bayar da hikaya ke jinkirta mutuwa ta hanyar ɗaure hankalin sarki, ya kuma kawo aljanin zobe da ɗan sarkin da aka juyar da halittarsa. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara daga Farisanci a ƙarni na takwas, ya kawo dabbobi masu magana da ke koyar da dabarun zaman fada, Maƙamatul Hariri kuma ta kawo matafiyi mai wayo da ke rayuwa da kaifin harshensa. A gefen waɗannan akwai littattafan nasiha ga masu mulki, irin wanda Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Muƙamin waziri ma, wanda ya zauna da gindinsa a Daular Sakkwato tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, ya shigo labaran Hausa ɗauke da siffofi biyu da hikayoyin gabas suka riga suka ba shi, ta amintaccen mashawarci da ta maciyin amana.

Haɗuwar waɗannan tusoshi a kan takarda ta faru ne saboda wata bukata ta makaranta. Tun daga 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, an sami yara masu iya karanta boko amma ba su da abin karantawa in ban da littattafan darasi, kuma da yawa daga cikinsu 'ya'yan sarakuna ne da hakimai waɗanda ake shiryawa domin aikin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta. An kafa Hukumar Fassara a 1929, aka mayar da ita Zariya, sannan aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi a 1933, shekarar da shugabanta, Rupert East, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari. East ya bayyana daga baya cewa babbar matsalarsa ita ce yadda malamai suke ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin abin mata da yara, wanda bai dace da mai ilimi ba. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kuma biyu na farko su ne suka aza harsashin nau'in da ake magana a kansa.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 kuma ya yi karatu a Kwalejin Katsina, bai wuce shekara 22 ba sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, saboda haka matashi ne ya rubuta wa matasa. Labarin ya taso ne daga wani wulaƙanci da aka yi a fada, inda liman ya ce ɗan sarkin da ke kwance zai warke in an samo ruwan Bagaja, sarki ya mayar da shi abin dariya, shi kuwa Alhaji Imam, yaron da limamin ya riƙa, ya fita duniya domin ya wanke uban riƙonsa daga zargin ƙarya. Tafiyar ta ɗauki shekara 15, kuma ko da yake aljanu ne suka taimaka masa a ƙarshenta, mafi yawan shafukan littafin sun tafi ne a kan wasan wayo tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, inda kowane ke jefa ɗan'uwansa cikin rikici a gaban alƙalai da sarakuna. Imam ya ari tubali daga Maƙamatul Hariri da kuma wata hikayar Jamusawa ta neman ruwan rai, amma jarumin da ya fitar ba mayaƙi ba ne, mai dabara ne da ke tsira da bakinsa.

Ganɗoki, wanda yayan Imam, Malam Bello Kagara, ya rubuta, ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne kakan labaran jarumta na baya. Rabinsa na farko ya tsaya a kan tarihi na zahiri, wato gwabzawar da aka yi da sojojin Turawa a zamanin Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora da hijirar da ta ƙare a Burmi a 1903, amma da zarar an ci mutanensa da yaƙi sai marubucin ya ɗauke jarumin zuwa ƙasashen gabas da na aljanu, inda shi da ɗansa Garba Gagare suke cin nasarar da ta gagara a gida. Sihiri a nan mafaka ce ga wanda bindiga ta karya, domin takobi da kirari, waɗanda suka rasa amfani a gaban igwa, sun sake samun daraja a duniyar da babu igwa a cikinta.

Littafin da ya kai wannan nau'i ga cikarsa shi ne Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta bayan an ɗauko shi daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya, aka buga shi a juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, ɗauke da labarai fiye da 80. Juzu'i na farko ya ginu ne a kan makircin gadon sarauta, domin Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, Wazirinsa ya sa rai da gado, haihuwar Musa ta rushe masa buri, sai ya haɗa baki da Sarkin Sinari, ya shiga neman hanyar da zai yaudari yaron ya fito daga gida a lokacin da uban ya tafi yaƙi. Abin da ya tsaya tsakanin Musa da halaka wani aku ne, wanda kowane dare yake tsare shi da labari har gari ya waye. Wannan tsari ya samo asali ne daga hikayoyin aku na Indiya da Farisa, inda tsuntsun ke hana matar ɗan kasuwa fita wurin kwartonta, amma Imam ya cire matar ya sa yarima, ya cire sha'awa ya sa ɗokin yaro na zuwa fagen fama, da haka ya mayar da hikayar manya ta zama littafin tarbiyyar magaji.

Sauran juzu'an biyu sun ƙara fito da manufar, domin bayan asirin Waziri ya tonu an naɗa Aku a gurbinsa, a na biyu ya kara da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a gasar bayar da labari, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dokokin zama da sarakuna da jama'a, kowace doka da labarin da ke tabbatar da ita. Ga ɗalibin makarantar Midil wanda gobe zai zama magatakarda ko ma'aji a En'e, wannan darasi ne na aiki, domin rayuwarsa za ta dogara ne da sanin lokacin magana da lokacin shiru a gaban manya. Akwai kuma wani taka-tsantsan da ya cancanci lura, shi ne cewa an kai fadar wata ƙasa ta gabas wadda ba a ambaci sunanta ba, kuma mugun na labarin waziri ne ba sarki ba, abin da ya dace da littafin da za a karanta a makarantun da sarakuna suke riƙe da su.

Yadda marubutan suka bi da sihiri ma yana da ƙa'ida, ko da yake ba a rubuce take ba. Musulunci ya tabbatar da samuwar aljanu, har da musulmi a cikinsu, ya kuma haramta sihiri, saboda haka jarumi yana iya samun taimakon aljani, ko ya sami zobe ko takobi mai asiri a matsayin kyauta, amma zuwa wurin boka domin cutar da wani aikin abokin gaba ne. Haihuwar Musa kanta ta biyo bayan addu'ar malamai ce ba tsafi ba. Kayan tsarin da Bahaushe ya sani, irin su layar zana mai ɓoye mutum daga gani, da baduhu, da sagau mai sandarar da hannun maƙiyi, da maganin ƙarfe, suna tsakiya ne, kowa na iya ɗaura su, amma a ƙarshen labari ba su ke yanke hukunci ba.

Bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da hukumar adabi ta NORLA wadda ta yi aiki a shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966, nau'in ya ci gaba a ƙarƙashin inuwar gwamnati da manhajar makaranta. Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin wani gwarzon hikayoyin Rasha ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, gurgun yaron da ya miƙe ta hanyar mu'ujiza ya zama garkuwar Sarki Waldima na birnin Kib, sannan magauta suka shiga tsakaninsa da ubangidansa. Umaru Dembo kuma, a Tauraruwa Mai Wutsiya ta 1969, ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya, a shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata. Da yake ana sanya irin waɗannan littattafai a jarrabawa, tsara bayan tsara ta karanta su, kuma gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a shekarun 1980.

Babban sauyi ya zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasan da suka amfana da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma suka girma suna neman abin karantawa. Marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, abin da manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano, kuma ko da yake labaran soyayya ne suka fi yawa kuma suka fi jawo muhawara, a gefensu an sami reshen da masu karatu ke kira littattafan yaƙi, wanda samari suka fi rungumarsa. Abdul'aziz Sani Madakin Gini yana cikin sunayen da suka fi fice a wannan reshe, fassarar hikayar Malikussaifi daga Larabci kuma tana cikin abubuwan da suka ba reshen siga. A wancan lokaci ana fitar da littafin kashi-kashi, kowane kashi ya yanke a daidai inda jarumi ke cikin haɗari domin a nemi na gaba, ana kuma bayar da hayarsa a shaguna ga wanda ba shi da kuɗin saye. Wannan hanyar ciniki ita ta tsara labarin, domin abin da ke sa saurayi ya dawo da kuɗinsa shi ne gumurzun sadaukai da rundunonin aljanu da hatsabiban bokaye masu madubin tsafi, ba nasihar aku ga ɗansa ba.

A cikin littattafan yaƙi gimbiya takan ɗaura sulke ta shiga fage da kanta, sarki kuma yana iya zama azzalumi, abin da littattafan zamanin En'e suka kauce masa, amma an biya wannan 'yanci da nisantar da labarin, domin biranen ƙagaggu ne masu sunaye irin na Larabawa, zamanin na jahiliyya ne, kuma sau da yawa ƙarshen yakan zo ne da bayyanar jarumi mai imani wanda addu'arsa ke karya tsafin da ya gagari kowa. Fina-finan Hausa, waɗanda suka fara bunƙasa daga 1990, sun ɗauki ɓangaren fada da tatsuniya, kamar yadda aka gani a Daskin-da-Riɗi da Sangaya, daga baya kuma labaran suka koma wayoyin hannu, inda ake karanta su a rubuce ko a saurare su a YouTube.

Idan aka kwatanta da duniyar masu karanta Ingilishi, za a ga cewa tafiyar ta zo kusan lokaci guda, domin juzu'in farko na Magana Jari Ce ya fito ne a 1937, shekarar da Tolkien ya fitar da The Hobbit a Ingila, kuma marubuta 'yan asalin Nijeriya irin su Nnedi Okorafor da Tomi Adeyemi, waɗanda suka yi suna da labaran sihiri na matasa a Amurka a 2011 da 2018, sun zo ne bayan Hausa ta shafe fiye da shekara 70 tana da nata. Abin da ya keɓanci na Hausa shi ne cewa sarautar da yake magana a kanta ba ta zama kayan tarihi ba, domin har yau masu zaɓen sarki suna zama, rikicin gadon sarauta yana kai wa kotu, kuma mai karatu yana iya zama ɗan gidan da ake takara a cikinsa. Wannan shi ya sa marubutan, tun daga Imam har zuwa masu littattafan yaƙi, suka riƙa kai fadojinsu ƙasashe masu nisa, domin a can ne kawai ake iya bayyana kwaɗayin waziri da zaluncin sarki filla-filla ba tare da wata masarauta ta ɗauka cewa da ita ake ba.